Hannun Baba a Kafaɗar Auta

A gidanmu na Fagge ba a hawa babur har na haura shekara talatin. Baba bai taɓa ba mu dalili ba, cewa kawai ya yi ba a gidansa ba, mu kuma muka ja bakinmu. Kakanninmu daga Barno suka zo, kuma abin da suka bar mana bai wuce son turaren wuta da taurin kai ba. Turaren ya tafi ɗakin Inna, taurin kan kuwa kaf ɗinsa a wurin Baba ya taru. Da ƙafa yake zuwa shagonsa na kayan masarufi a Kasuwar Singa, da ƙafa yake dawowa, ni ina biye da shi da mukullai a hannu. Sai da gwiwoyinsa suka fara gardama, har ta kai yana zama a dakalin mutane kafin mu ƙarasa, sannan ya kira mu ni da ƙanena, autan gidan. Ya ce mu je mu koyi babur, kowa ya zaɓi nasa, don a riƙa kai shi kasuwa.

Ni ne ɗan fari, kuma wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In da ni yake, "kai" ne. In da baƙo yake maganata, "wannan yaron". Bai taɓa dafa ni a gaban mutane ba. Kunya ce ta iyaye, na sani, ba ƙi ba ne, amma sanin bai taɓa ƙosar da ni ba. Auta kuwa tun yana rarrafe a cinyar Baba yake cin tsire. Saboda haka da na ji maganar babur sai zuciyata ta yi wani lissafi nata. A kan babur dole wanda ke baya ya riƙe na gaba. Shagonmu ɗaya da Baba, Auta kuwa gyaran waya yake a Kasuwar Sabon Gari. To wa zai ɗauki Baba in ba ni ba? Abin da nake so ke nan, ba babur ɗin ba: in ji hannun tsohon nan a kafaɗata, mu ratsa Fagge kowa yana gani.

Tare muka koya, a filin wata firamare, da babur ɗin aro. Ni ina tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, Auta yana faɗuwa yana tashi yana dariya. Da muka ga mun iya juyawa ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba sai muka nufi Sabon Gari, wurin wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da babura. A nan aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi tawa gudu.

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, yaushe ka koya?"

Na ce, "Ban daɗe ba."

"To ga naka." Ya dafa wani ƙaramin babur irin wanda ake kira roba-roba, mara kulochi, mai inji ɗari da goma. "Wannan ko ka murɗa totur bisa kuskure zai yi maka haƙuri. In ya faɗi kai kaɗai za ka ɗaga abinka. Lungunanku kuma na san su, wannan zai shige ko'ina."

Na ji maganar ta zauna mini. Ina waiwayawa sai na ga Auta har ya ɗare kan wani baƙi, mai inji ɗari biyu, tankinsa kamar tulu, yatsun ƙafarsa kawai ke taɓa ƙasa.

Mai baburan ya ce masa, "Ƙanena, sauko. Wannan ba ya haƙuri. Ka saki kulochi da gaggawa sai dai ka ji ka a shagon wani."

Auta ya ce, "Oga, in na ɗauki ƙarami kafin Sallah na raina shi. Gara in saba da wannan tun yanzu." Ya juyo gare ni yana murmushi. "Ko ba haka ba, Yaya?"

Ban hana shi ba. Daɗi ma na ji, don na tabbata Baba na ganin wannan dodon zai ce a mayar da shi.

Da muka iso gida, ledar kujera ko cirewa ba mu yi ba, lungu ya fito yin Allah ya tsare. Duk a kan na Auta aka taru. Wannan ya shafa tanki, wancan ya ce a tayar ya ji ƙara, samari suna ta roƙon a ba su ɗani ko zuwa bakin titi ne. Nawa yana gefe kamar ɗan rakiya. Mutum ɗaya ne ya kula shi, mai shayin unguwa, shi ma tambaya ya yi ko zan riƙa ara masa ya ɗauko burodi. Baba ya fito yana dogara sanda. Ya yi wa nawa kallo ɗaya ya gyaɗa kai. Na Auta kuwa ya zagaya shi a hankali, ya sa aka tayar, ya tsaya yana sauraron rurin injin har ya gaji. Bai ce a mayar ba. Ya yi addu'a ya koma ciki.

Washegari tun da sassafe na goge kujerata, na ninke tawul na shimfiɗa a baya saboda ƙashin tsoho. Baba ya fito cikin babbar riga, ya wuce ni, ya wuce tawul ɗin, ya je ya tsaya a gefen babur ɗin Auta. Tsayin babur ɗin ya fi ƙarfin gwiwarsa, sai da aka matsar da shi jikin dakali ya taka sannan ya iya ɗaga ƙafa. Ya tattare rigarsa, ya ɗora hannun dama a kafaɗar Auta. Inna ta leƙo daga soro ta miƙo mini kular abincin Baba ta ce in ɗaure da kyau kada miya ta zube.

Haka muka zauna. Kullum su a gaba, ni a baya da kula ɗaure da roba a inda na shimfiɗa tawul. Idona ba ya kan hanya, yana kan hannun nan. Na san shi sarai: zoben azurfa, jijiyoyi, yadda yake ɗan motsawa a kan kafaɗar yaron. Ni da Baba ƙofa ɗaya za mu shiga, amma sai Auta ya ratso cunkoson Singa, tsakanin manyan motoci da 'yan dako da a-daidaita-sahu, ya sauke shi, sannan ya juya zuwa Sabon Gari. Da yamma ya dawo ya ɗauke shi. Maƙwabtanmu na kasuwa suna ta sa masa albarka, wai yaro ya san darajar uba. Ni da na yi shekara da shekaru ina ɗaga katan a shagon nan, ba wanda ya taɓa cewa na san darajar kowa.

Kuma ba iyawa ya yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. A mararraba sai babur ya mutu masa, ya yi ta dukan kik ana masa hon. In zai tashi sai ya fizga, hular Baba ta karkace. Ni nawa sumul yake tafiya, ko miya ba ta taɓa zuba ba. Duk lokacin da nasa ya mutu sai in ji wani sanyi a raina, in tsaya a gefensu ina jiran Baba ya ce to a canja. Bai taɓa cewa ba. Matata ta gane tun kafin in buɗe baki. Ta ce, "Wai da ƙaninka kake kishi, da gemunka?" Na ce da shi nake, kuma a bar ni.

Har Sabon Gari na koma da niyyar canja nawa da babba. Na hau ɗaya, ƙafata tana lilo, nauyinsa ya rinjaye ni sai da mai baburan ya tare. Ya ce, "Naka me ya yi maka?" Na ce ba abin da ya yi. Ya ce to in je in hau abina. Na fito ina jin haushinsa shi ma.

Sai wata rana Auta ya kai nasa juyen baƙin mai, makaniken ya riƙe shi har kwana. Da safe Baba ya fito ya ga ba kowa sai ni. Ya matso, ya ɗaga ƙafa kaɗan, ya zauna ba dakali ba taimako. Har ya ce, "A'a, wannan ai kujera ce." Na tayar. Na gyara kafaɗa ina jira.

Hannun bai zo ba. Ɗaya yana jan carbi, ɗaya yana ɗaga wa mutane. Ya gaisa da mai goro, ya gaisa da mai faci, ya tambayi wani jikin mahaifiyarsa, duk muna tafe. Da na ga mun kusa sai na ɗan taka birki da ƙarfi ba gaira ba dalili. Ya kai hannu baya ya riƙe ƙarfen ɗaura kaya, ya ci gaba da lazuminsa.

Ba na iya kallon idon Baba in yi masa irin wannan magana, saboda haka sai da na juya ina buɗe kwaɗon shago sannan na ce, "Baba, tunda wannan ya fi maka sauƙin hawa, da ni na riƙa kawo ka."

Ya ce, "Ya fi sauƙi mana. Wancan kwana nake gwiwata tana zogi saboda shi."

"To ai shi ya sa na ce..."

"Kai ba ka ga injin da ya ɗauko ba? Yaron da bai gama sanin birki ba. In na ce ya mayar, aron na abokai zai riƙa yi a inda ba na gani. Amma ina bayansa ba zai yi gudu ba, ba ɗan da zai yi gudu da ubansa. In na ji hannunsa ya fara zafi sai in matse masa kafaɗa ya sassauta. Safe da yamma, ko Allah zai sa ya saba." Ya gyara sandarsa. "Kai kuwa me zan tsare? Ka ɗauki daidai kai. Buɗe mana shagon."

Tun da nake Baba bai taɓa yabona da tsawon haka ba, kuma ban taɓa jin yabo mai ɗaci irinsa ba. Ashe abin da nake hange a kafaɗar Auta tsoro ne. To tsoron ma ina so. Na wuni ina auna sukari ina jin haushin hankalina, haushin mai baburan da ya ba ni shawara, haushin kaina da na ji ta. Auta ya yi gangancinsa ya samu Baba safe da yamma, ni na yi abin da ya dace na samu kula.

Ranar Litinin Baba yana azumi, ba abincin da zan ɗauka, kuma za a biya ta wajen tashar jirgin ƙasa a ga direban da ya kawo mana kaya. A nan titi ya ɗan buɗe. Baba da Auta suna gabana suna tafiyarsu ta matse kafaɗa. Ban san lokacin da na yanke shawara ba, na dai ji na murɗe totur har ƙarshe. Roba-roba ta yi wani ihu kamar injin markaɗe, robobinta suna kaɗawa, madubi yana rawa. Na wuce su ta dama, na kutsa tsakanin wata a-daidaita-sahu da mai kurar ruwa, hannun rigata ya gogi jarka. Mai kurar ya bi ni da zagi. Idona ya cika da hawayen iska, ban sassauta ba sai da na ga rumfunan Singa.

Na buɗe shago, na zauna ina jira. Na shirya wa faɗa. Na shirya ya ɗaga murya, ya ce in kawo mukullin, ya ce daga gobe a bayana zai zauna tunda ni ma na zama abin tsaro. Ko sunana ne ya kuɓuce masa cikin fushi, da na karɓa.

Da suka iso Auta ya sauke shi ya juya. Baba ya zauna a bencinsa, ya miƙe ƙafa yana murza gwiwa. Maƙwabcinmu mai sayar da man gyaɗa ya leƙo gaisuwa.

Baba ya ce masa, "Alhaji, yau mun ga abin tsoro a wajen tasha. Wani mahaukaci ya wuce mu a guje, a irin babur ɗin wannan yaron, saura kaɗan ya kwashe mai ruwa. Na ce wa Auta, ka gani, wannan iyayensa ba sa barci." Ya nuna inda nake da haɓa, ko juyowa bai yi ba. "Ni dai ta nan ɓangaren alhamdu lillahi. Ko tunaninsa ba na yi."

Mai man gyaɗa ya ce, "Madalla. Allah ya ƙara masa natsuwa."

Na ce amin. Na shiga ciki na fara jera katan ɗin taliya. Har azahar ba wanda ya tambaye ni lafiya.