Takardar Da Ta Ce Manaja Bai Iya Shara Ba

Har gobe ban manta da Litinin ɗin da manajanmu, Alhaji Nasiru, ya dawo daga kwas na mako guda a Kano ba. Lokacin ni ne mai kula da sito a reshen Gaya na wani kamfanin sayen amfanin gona. Mukan sayi gyaɗa da riɗi daga manoman Kademi har zuwa Toranke ta Ajingi, mu auna, mu ɗinke buhuna, mota ta kwashe.

Ya tara mu a gaban sikeli ya ce, "An koya mana cewa shugaba mai hidima ne. Daga yau ni ne bawanku." Muka ce Allah ya taimaka, don mun ɗauka irin zafin bayan kwas ne da ke hucewa kafin Laraba. Sai kawai ya sunkuya ya ɗauki tsintsiyar Baba Sale.

Baba Sale shi ne mai sharar sito, dattijo mai iyali, kuma ma'aikacin wucin gadi. Wato ba shi da takardar ɗauka aiki, duk ranar da hedikwata ta ga dama sai ta sallame shi. Baba ya durƙusa ya cafke bakin tsintsiyar.

"Ranka ya daɗe, wane laifi na yi?"

"Ba ka yi komai ba, Baba. Yau ni zan yi maka."

A wajenmu shugaba ba ya ɗaukar ko buta na ƙasa da shi na kallo. Manaja ya ja, Baba ya ja, har tsintsiyar ta kwance kowa ya tashi da rabi.

Daga nan aka shiga tsere. Baba ya koma zuwa aiki da an sallame sallar asuba. Manaja ya gane, shi ma ya sauya masallaci zuwa na kusa da sito. Baba ya ɓoye tsintsiyoyi a saman silin, manaja ya sayo tasa a kasuwa yana ajiyewa a but ɗin mota. Da abin ya ishe mu, leburori suka fara watsa ɓawon gyaɗa a bayan ofis kowace yamma don ya samu nasa na sharewa ya ƙyale tsohon. Gonar manaja muke kiran wurin. Amma mutumin nan ya ƙi tsayawa a gonarsa.

A mako na uku hedikwata ta turo Hajiya Binta, jami'ar tantance ma'aikata. Ka'idarsu ita ce, duk aikin wucin gadin da aka tarar wani ma'aikacin dindindin yana yi, sai a soke gurbin. Ta shigo ta tarar da manaja a duƙe ya naɗe hannun riga yana shara, Baba Sale kuwa an tilasta shi zama a kujerar manaja da kofin shayi a hannu, yana zufa kamar mai jiran hukunci. Ta tambayi sunan Baba ta rubuta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja manaja bayan buhuna, na manta da ladabi.

"Ranka ya daɗe, hidimarka ta cinye aikin tsoho. Tsintsiya kowa a nan ya iya riƙe ta. Biron sa hannu ne ba mu da shi."

Fuskarsa ta sauya. Ya je ya roƙi Hajiya. Ta ce ita abin da ta gani take rubutawa, sai dai in akwai shaida a rubuce cewa mai yin aikin ya gaza.

"To na gaza," in ji shi.

"Alhaji, a fayil ɗinka fa za ta zauna, ga ƙarin girma na tafe."

"A duba sharata tukuna."

Aka juye bolarsa ta ranar a kan tabarma. Baba Sale ya ɗauki faifai ya sheƙe, sai ga riɗi tas ya kusa cika kwano, wanda manaja ke zubarwa kullum yana murmushi. Baba kuwa shekara da shekaru yana tsince shi ya mayar buhu, ba wanda ya taɓa lura, har da ni mai sito. Na ji kunya.

Manaja ya zauna ya rubuta da hannunsa cewa shi, manajan reshe, ya gwada shara na mako uku bai iya ba, ya yi ɓarna, kuma reshe ba zai tafi ba sai da ƙwararre. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya sa ni shaida. Na sa hannu ina danne dariya.

Ƙarin girma ya wuce shi a shekarar. Baba Sale kuma ya samu takardar dindindin kafin damina. Ranar da aka miƙa masa, ya sa na karanta masa sau biyu, ya share hawaye da hannun riga, sannan ya dubi manaja ya ce, "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Amma don Allah, tsintsiyar but ɗin motar nan ma a ba ni."

Ku da za ku riƙe reshe gobe, abin da na koya ke nan: ma'aikaci ba ya so ka yi masa aikinsa. Yana so ka yi naka, ko da kai ne za ka sha kunya a kansa.