Awon Albarushin da Ya Rage

A yankinmu na Mallee, in mutum ya harba bindiga ba ya barin kwanson harsashin a ƙasa. Sai ya duƙa ya tsince shi, ya hure yashin ya jefa aljihu, don ya san in ya je wa Valda Nuske hannu rabbana zai sha faɗan da ko uwarsa ba ta taɓa yi masa ba. Valda ce ke cika wa mutane harsashi. Ba sana'arta ba ce, matar manomi ce kamar kowa, ga tumaki ga alkama ga girkin masu askin ulu. Amma duk tsohuwar bindigar sojan da ke rataye bayan ƙofa a gonakin nan, daga hannunta take ci.

Bindigogin ragowar yaƙi ne. Da aka gama gwamnati ta yi gwanjonsu, kowane manomi ya ɗauki tasa saboda karnukan daji, da kuma dabbar da ta karye ba ta tashi. Harsashin kanti tsada gare shi, garin kuma da nisa, shi ya sa ubanta Otto ya kafa teburi a ɗakin kwanon bayan gida yana sake cika tsofaffin kwansuna. Bai haifi namiji ba, sai ya zaunar da Valda tun tana taka akwati kafin ta kai teburin. A fitar da tsohon ƙyastun da ke gindin kwanso a sa sabo, a auna albarushi a ɗan ƙoƙon tagulla, a juye ta mazurari, a ɗora dalma a danne. Amma kafin dalma, dole a kai kwanson bakin taga a leƙa cikinsa. Wannan leƙen shi ne addinin Otto, bayan na ranar Lahadi.

Sama da teburin akwai wata bindiga da ya rataye, bututunta a tsage kamar an fasa rake. Ba don ado ya ajiye ta ba.

"Kin ga wannan?" yakan ce. "Harsashi ɗaya ne aka manta ba a zuba wa albarushi ba. Ƙyastu ya tura dalmar ta shiga bututu ta maƙale, ƙarar ba ta fi ta buɗe kwalbar lemo ba. Mai ita bai kula ba, ya sake ɗurawa ya harba. Na biyu ya tarar da hanya a toshe. Je ki tambaye shi ina idonsa na dama da yatsunsa."

Otto ya rasu, teburin ya zama nata, fasasshiyar bindigar na nan inda take. Shekara da shekaru ba a taɓa dawo mata da harsashi an ce ya ƙi ba, ita ma ta san haka, tana kuma ji da kanta. Abu ɗaya ne ba ta yi. Ba ta taɓa harbin mai rai ba, ko zomo. In an tsokane ta sai ta ce ita mai girki ce, ba mai ci ba.

Mijinta Clarrie shi ne mai ci. Dogo ne marar magana, ƙarar tarakta da ta bindiga sun cinye masa kunne tun yana da sauran baƙin gashi. In za ta kira shi cin abinci sai ta jefi kwanon rumfa da dutse, ko shi ma sai in yana kusa.

"Kai kurma! Shayi ya huce!"

"Ba sai kin yi ihu ba, tsohuwa. Ina jin ki sarai."

"Me na ce?"

"Kin ce in zo."

"Ka ci sa'a."

Duniyar Clarrie tumakinsa ne. Daga ƴan tsirarun da ya gada ya yi ta zaɓe yana haɗawa, har ulunsa ya yi suna a kasuwa. Ya san su da fuska, ya san uwar kowace da kakarta.

Sai shekarar da gobarar daji ta zo. Iskar arewa ce ta kawo ta da rana tsaka, ta bi ta kan karan alkama da gudun da doki bai isa ba. Gidan su Valda ya tsira don Clarrie ya nome kewayensa. Tumakin kuwa suna can makiyayar nesa, wuta ta matse su a jikin shinge. Da gari ya waye aka tarar waɗanda suka mutu su ne suka yi sa'a. Sauran suna tsaye, ulu ya ƙone ya manne da fata, kofato ya sale, ba sa ko kuka. Babu magani, babu likitan dabbobi, gadar da ke kai wa gari ta ƙone. Abin da ya rage a yi musu na jinƙai shi ne harsashi.

Maza suka fita da bindigogi, Valda ta shiga ɗakin kwano. Ana harbawa ana dawo mata da kwansuna cikin hula da bokiti, tana cikawa ana kwashewa. Babu wutar lantarki, ba ta kuma isa ta kunna aci-balbal kusa da albarushi ba. Hayaƙi ya mayar da rana ja, hasken da ke shigowa ta taga bai isa a ga cikin kwanso ba. Sai ta koma yin ɗaya bayan ɗaya, ta auna, ta juye, ta ɗora dalma, ta ajiye. Leƙen da ta gada ta bar shi ranar, don kowane jinkiri nata wata dabba ce ke tsaye tana wahala.

Hantsi ya ɗaga sai ga Thelma, matar maƙwabcinsu Des, a bakin ƙofa. Gidansu ya ƙone ƙurmus. Tana rungume da tukunyar shayi, abin da ta iya fitarwa ke nan.

"Valda, ko hoton yaran ban ɗauka ba. Tukunya! Dubi abin da na ɗauko, tukunya!"

Ta fashe da kuka ta faɗa jikinta. Valda ta tallafe ta da hannu ɗaya tana cewa ya isa, ya isa, ai kuna da rai. Ɗaya hannun kuwa bai tsaya ba. Sabo turken wawa. Ta kai Thelma cikin gida ta zaunar da ita, ta yanka mata burodi. Tana can ta ji shigowar akori-kurar Clarrie da fitarta. Ya zo ya kwashe waɗanda ta gama, bai ko leƙo ba.

Da ta koma ɗakin kwano sai ta ga ɗan ƙoƙon tagulla a kan teburi, cike da albarushi. Ta duba wurin da kwanson da za a juye wa ya kamata ya kasance. Babu komai. Ta duba ƙasa, ta ɗaga mazurari, ta kakkaɓe zanen gabanta. Babu. Awo yana nan, kwanso ya tafi, kuma ba ya tafiya sai an ɗora masa dalma.

Ta ɗaga kai, idonta ya sauka a kan bindigar da ubanta ya rataye.

Da wani ne ya kwasa, da sauƙi. Duk mai kunne zai ji ƙarar ta bambanta ya tsaya. Amma Clarrie ne, mutumin da aradu ke faɗuwa ya tambaya ko an buga ƙofa.

Tsohuwar motar zuwa coci ce kawai a gida. Ta shiga ta ba ta wuta, ko ƙofar ɗakin kwanon ba ta rufe ba. Hanyar makiyaya ta ɓace, duk duniya ta zama baƙar toka, kututturan itatuwan turare suna ta hayaƙi. Ta bi sawun tayar Clarrie tana addu'ar da ba ta da kai ba ta da gindi. Allah ka sa yana ƙasan aljihu. Allah ka sa ya tsaya shan ruwa. Shi da ba ya tsayawa.

Wayar shinge da ta zube ce ta kama ta. Ta nannaɗe tayar gaba, motar ta yi gefe ta cake a yashi. Valda ta fito. Daga bayan tudu ta ji harbi, dam! Cikakke, mai nauyi. Ta saki numfashi. Wannan ba shi ba ne.

Ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Takalmin gida ne a ƙafarta, tokar kuma da sauran wuta a ƙarƙashi, tana jin zafin yana ratsowa. Dam! Ba shi ba ne. Mace ce da ta haura sittin, ƙirjinta kamar zai tsage, hayaƙi yana yankar maƙogwaronta. Ba ta taɓa son ƙarar bindiga ba, ranar kuwa kowace ƙara kamar kyauta take zuwar mata. Dam!

Ta hau tudun ta hango su. Des yana can nesa da tasa bindigar, ya juya baya. Clarrie na kusa da shinge, gawarwakin tumaki jere a bayansa, ragowar suna tsaye a gabansa. Ya ɗaga bindiga ya saita wata tunkiya.

Tas.

Ƙarar buɗe kwalbar lemo. Tunkiyar ba ta motsa ba.

"Clarrie!"

Ya ja sakatar bindigar, kwanso ya faɗo.

"Clarrie! Kurman banza, tsaya! Tsaya!"

Ya tura sakatar, sabon harsashi ya shiga. Ta duƙa ta rarumi dutse, ya ƙone mata hannu, ta jefa, bai kai ko rabi ba. Des bai juyo ba. Clarrie ya kai bindigar kafaɗa, ya kwantar da kunci a kanta, daidai idonsa na dama.

Ba za ta kai gare shi ba, ta ga haka. Tunkiyar ta fi kusa. Ta gangara tudun da sauran ƙarfinta, ta faɗa gaban dabbar ta ware hannuwa, bakin bindigar yana kallon ƙirjinta.

Clarrie ya ɗaga bindigar sama kamar ta cije shi. Fuskarsa ta yi fari a ƙarƙashin toka.

"Kin haukace ne? Valda! Yatsana na kan kunama! Kin haukace?"

Ta taka ta ƙwace bindigar, ta fitar da harsashin, ta zare sakatar gaba ɗaya. Ta miƙa masa ta nuna sama. Ya sa ido a bututun ya kalli jar ranar. Babu haske. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke a hankali.

Ta matso da bakinta kunnensa. "Ni ce. Ban zuba ba. Ban leƙa ba."

Ya warware waya mai kauri daga shinge ya miƙar da ita, ya zura ta bakin bindigar ya yi ta bugawa har dalmar ta faɗo a tafin hannunsa. Ƴar ƙarama, ko kan yatsa ba ta kai ba. Tsoron da ya riƙe ta tun daga gida sai ya juye ya zama fushi, ta fizge bindigar, ta kama rigarsa ta girgiza.

"To kunne ya mutu, na yarda! Kafaɗar fa? Bindiga ba ta doke ka ba, ba ka ji ba? Kai da ka tsufa kana harbi!"

Clarrie ya kalle ta. Ya ɓalle maɓallin rigarsa ya janye ta. Kafaɗar ta kumbura ta yi baƙi ƙirin har zuwa ƙirji.

"Tun safe ba na jin komai, tsohuwa," in ji shi. "Na daina ji tun a ta farko." Ya nuna tunkiyar da ke tsaye bayanta tana rawar jiki. "Wannan jikar tunkiyarmu Gurguwa ce. A kicin ɗinki kika shayar da uwarta da kwalba."

Sai ga hawaye yana wanke toka a fuskar mutumin da bai yi kuka ba ranar da aka binne ɗan'uwansa. Ya miƙo hannu zai karɓi bindigar. Tausayinsa ya kama ta.

Ba ta ba shi ba. Ta mayar da sakatar. Ta sa hannu a aljihunsa ta zaro harsashi, ta kai kunne ta girgiza, ta ji albarushin yana motsi a ciki. Ta ɗura.

"Ba ki iya ba," in ji Clarrie.

"Nuna min inda ake saitawa. Sannan ka juya baya."

Ya taɓa goshin tunkiyar da yatsa, ya shafa mata kunne, ya juya. Valda ta kafa ƙonannun ƙafafunta a cikin toka ta ja kunama. Bindigar ta doke ta har haƙoranta suka haɗu, tunkiyar ta kwanta. Ta ja sakata, kwanson ya faɗo yana hayaƙi.

Clarrie ya duƙa ya tsince shi, ya hure tokar, ya jefa aljihu. Sannan ya miƙo mata na gaba.