Furnon Baba

Bayan shagona a unguwar Bobiel, nan Yamai, akwai wani saurayi mai ƙirar ƙarfe. Da hantsi yakan ɗauko tsohon tano, wato gangar ƙarfe ta zuba man mota, ya fara buga shi don ya miƙe. Mutane suna kukan hayaniyar. Ni hayaniya ba ta dame ni ba, a cikinta na tashi. Abin da ke damuna shi ne duk sanda masaba ta sauka a kan tanon nan sai in tuna Baba, sai raina ya ɓaci, kamar jiya aka yi abin.

Baba maƙeri ne, ɗan maƙeri, daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi. A can hauya da fartanya da lauje yake yi, kuma ba wanda ya taɓa mayar masa da aiki. Sai fari ya zo. Aka yi shuka ta bushe, aka sake ta bushe, shanu suka zube a bakin rijiya. Wanda bai da abin nomawa me zai yi da hauya? Muka ɗora uwar maƙera da zuga-zugi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, muka taho Yamai, ni da Baba da Inna, ba da daɗewa ba da soja suka karɓi mulki. Ina ƙarama lokacin, amma na isa ɗaukar kaya a kai.

Muka samu ɗaki ɗaya a gidan haya, Baba kuma ya samu wata 'yar rumfa a gefen Babbar Kasuwa. Wannan rumfa ita ce kome namu. In ta tsaya, mun zama mutanen Yamai. In ta faɗi, ba ƙauyen da za mu koma, don rumbunanmu ko ɓera ya bar su.

Baba ba wawa ba ne. Ya duba ya ga birni ba ya son hauya, ya ga kuma itace ya yi tsada, don an hana sara barkatai kuma sojan lokacin in sun hana abu sun hana. Sai ya ce zai yi murhun ƙarfe, wanda a nan ake ce wa furno. Dabara ce mai kyau. Har yau ina cewa dabara ce mai kyau.

Ku ji yadda ya yi shi. Ya zaɓi ƙarfe mai kauri, ya naɗe bakin, ya daɓe kowace ƙusa har sai ka shafa ba ka ji ta ba. In ka ƙwanƙwasa sai ya yi amo mai daɗi. Amma faɗin bakin ya auna shi ne da tukunyar gidan kakana, wadda ake dafa wa mutum ashirin da wani abu. A Yamai ta shekarun yunwa wa ke ɗora irin wannan tukunya? Kowace mace 'yar ƙarama take ɗorawa, da ɗan garin jar dawa ta taimako. Ƙaramar tukunya in an ɗora ta a furnon Baba sai ta karkace, rabi a ciki rabi a waje. Ƙofar itacen kuwa wargajejiya, iska na shiga tana cinye wuta. Hannuwan kuma ya liƙa su can sama daf da baki, inda suke yin zafi kafin ruwa ya tafasa.

Dalilin abu ɗaya ne. Baba bai taɓa zama kusa da mace tana tuƙa tuwo ba. A wajenmu namiji ba ya leƙa madafi, abin kunya ne, sai dai a kai masa akushi a rufe. Bai san yadda muciya ke jan tukunya gaba da baya ba, bai san mace na bukatar tukunya ta zauna daram kafin ta sa ƙarfinta ba. Ya san ƙarfe. Tuwo kuwa cinsa kawai ya sani.

Ni ce mai talla. Nakan ɗora furno a kai in zaga unguwanni, wuyana yana sagewa saboda nauyi. Mata sukan sauke ni, su juya shi, su yaba, su ɗauko tukunyarsu su gwada, sannan su taimake ni in mayar da shi kaina. Ba wanda ya gaya mini dalili a ɓoye, a fili suke faɗi, da Hausarsu ta kasuwa da Zabarmanci a haɗe. In na dawo na fara ba Baba labari sai ya ce matan birni ba su san abu mai ƙarko ba, in wuce in kama zuga.

Wata rana wata Bazabarma da ta saya ta dawo da nata. Ta dire shi a bakin rumfa, ta nuna masa ƙuna a gefen ƙafarta. Ta ce tana cikin tuƙi tukunya ta kife, talge ya zube a ƙasa, kuma garin ke nan da ya rage mata. 'Ya'yanta sun kwana da ruwa. Ba ta ɗaga murya ba, lokacin mutane ba su saba ɗaga murya a kan zancen yunwa ba.

Baba ya ɗauki furnon ya duba ciki da waje.

"Ya tsage?" in ji shi.

Ta ce bai tsage ba.

"Ƙusa ta fita?"

Ta ce ba ta fita ba.

"To, baiwar Allah, aikina lafiya lau yake. Hannunki za ki duba."

Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce, "Baba maƙeri, ka taɓa tuƙa tuwo?" Maƙwabtan rumfa suka kwashe da dariya. Baba ya ji zafi ƙwarai. Ya mayar mata da abin da ta biya, amma ya yini yana cewa an ci mutuncinsa.

Abin da ya fi ci mini rai a gida yake. Inna ba ta taɓa dafa mana kome a furnon Baba ba. Ya ba ta guda tun farko, ta ajiye shi a gindin katanga, ta samo duwatsu uku ta kafa a bayan ɗaki inda ba ya zuwa. Ta san laifin furnon nan tun ranar da ta fara ganinsa. Da yamman ranar da Bazabarmar nan ta zo, da aka kai wa Baba abinci, na kasa haƙuri. Na ce masa matar nan gaskiya ta faɗa, in bai yarda ba ya tambayi Inna a kan me take dafa tuwon da yake ci.

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Sannan ya kira Inna. Ina ganin da gaske yake son ya ji, don muryarsa ta yi laushi yadda ban saba ji ba. Inna ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa.

"Furnon nan yana da wani aibi?"

"Ba shi da aibi, maigida. Ni ce na saba da duwatsu."

Shi ke nan. Ya ci gaba da cin tuwonsa, ni kuma na sha faɗa wajen Inna a kan rashin kunya. Ta ce mutumin da fari ya raba shi da gona da gari, ba za ta zama ita ce za ta raba shi da abin da ya rage masa ba. Na fahimce ta yanzu da na tsufa, amma ban yarda da ita ba har gobe. Magana ɗaya za ta yi, ta miƙa masa tukunyarta ya auna, da rumfar nan ta tsaya.

Kafin damina ta zagayo wani saurayi ya kafa nasa aiki a layinmu. Ƙarfensa sirit, irin wanda Baba ke ce wa takarda. Amma matarsa na zaune a gefe da tukwane manya da ƙanana, kowace mai saye sai an ɗora irin tukunyarta an jijjiga ta gani. Nasa ba ya wuce shekara yake hujewa, su dawo su sayi wani suna murna. Namu suka taru a rumfa har ba wurin zama. Baba ya sayar da zuga-zugi, daga baya uwar maƙerar da ya gada, ya kama aikin gadi a wani sito. A can ya ƙare kwanakinsa, da sanda a hannun da ya saba da masaba.

Yau kayan girki nake sayarwa, na gawayi da na gas, kuma Allah ya rufa mini asiri. A shagona akwai tukunya da muciya da buhun yashi. Duk maƙerin da ya kawo mini sabon samfuri, sai na zuba yashi da ruwa a tukunya na miƙa masa muciya ya tuƙa a gabana. Da yawa sukan yi fushi. Saurayin da ke bayan shagona ya kawo mini nasa kwanan baya, ya kwaikwayo shi daga hoto a waya, ya shafe shi da fenti mai ƙyalli. Da na miƙa masa muciya sai ya ce shi ba mace ba ne. Na ce ya ɗauki kayansa.

Furnon da Baba ya ba Inna yana gidana, a gindin katanga kamar dā. Ya sha ruwan damina da zafin bazara ba iyaka, bai huje ba, ƙusa ko ɗaya ba ta fita ba. Kaza ce ke yin ƙwai a cikinsa.