Goggo Kikue da Tukwanenta

Goggona Kikue ta tsufa a Kinashi, a ƙasar Japan, tana renon bonsai, wato ƙananan bishiyoyin da ake shukawa a tukwane; nata na itacen matsu ne, masu ganye kamar allura. In zafi ya shigo, tukunya ba ta wuni babu ruwa, shi ya sa Goggo ba ta kwana ko'ina sai gida.

Da 'yarta ta haihu can nesa a birnin Sapporo, maƙwabcinta Genzo ya ce, "Haba tsohuwa, je ki ga jikanki mana, ni zan shayar da su."

"Kai? Sarkin ambaliya, naka ma ruɓewa suka yi!"

Ta ce ba za ta je ba sai lokacin sanyi. Sanyi ya zo da aikin tsinke tsohon ganye da lanƙwasa rassa, ga ciwon gwiwa. Yanzu yaron har gudu yake yi, ita kuwa a hoto kawai ta san shi.