Goshin Alhassan

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar abokina Alhassan, ɗan zangon Kumasi, direban bas a unguwar Lewisham, cikin Landan. Ya koma ga Mahaliccinsa da farar ɗamara ta 'yan koyon aikido, alhali waɗanda ya koya wa yadda ake faɗuwa sun ɗaura baƙa ta ƙwararru tun yana raye.

A tsakiyar shekarun 1980 muka shiga aikido tare, wasan Japanawa da ake kayar da mutum da ƙarfin da ya taho da shi. Ƙa'idar gidan ita ce, kafin a fara, kowa ya durƙusa ya kai goshi tabarma gaban hoton tsohon da ya kafa wasan. Ni Kirista ne daga Kafanchan, gaisuwa kawai na ɗauki abin. Alhassan kuwa sai ya durƙusa, ya ɗora hannu a ƙirji, ya tsaya nan. "Ɗanladi, wannan goshi yana da mai shi," in ji shi.

Ba wanda ya kore shi. Mutanen nan ba sa kora da baki. Sai dai duk lokacin jarrabawar baƙar ɗamara kwamiti ya zauna, a kira kowa ban da shi. In ya tambaya, a ce ana dubawa.

A farkon shekarun 1990 ƙungiyarmu ta aikido ta dare gida biyu, kan wane malami ne Japan ta yarda da shi. Kowane ɓangare ya tashi neman jama'a, sai ga goshin Alhassan ya daina zama matsala. Ɓangare ɗaya ya yi masa alkawarin jarrabawa, ya bi su da mutanen da yake koyarwa a unguwar Thamesmead. Da ƙura ta lafa aka dawo da tsohuwar ƙa'ida. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. "An yi cancel," abin da ya ce da ni ke nan, wato an soke jarrabawar, ya ci gaba da naɗe tabarmi.

Yanzu na ji wasu wuraren sun bar wa mutum zaɓi, ya sunkuya ko ya bari. Da Alhassan yana raye, me zai ce? Ina jin zai yi dariya, sannan ya tambayi su wa ke cikin kwamiti.

Ɗamarar dai bai samu ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Abin da ya bari shi ne almajiransa, da wata rana da ba na mantawa. Ranar jana'izarsa shugabannin ɓangarorin biyu suka zo, suka jeru a bayan sahu, ina tsakaninsu don ba sa magana da juna. Liman ya yi kabbara. Shugaban kwamitin ya raɗa mini, yaushe za su sunkuya, don kada su yi kuskure? Ban sani ba, sai na tambayi wani dattijo mai gadin takalma.

Ya ce, "Sallar gawa ba ruku'u, ba sujada. A tsaye ake yi."