Wanda Bashiru Ya Goyo a Keke

Wannan labarin wallahi ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, kuma ba dole sai kun yarda ba. Shekarun baya ne, lokacin ina zaune a Guangzhou ina sayen kayan gyaran waya a unguwar Tianhe ina tura wa yayana Kano. Zaman shago da shinkafa safe da yamma suka sa na ajiye tumbi, likita ya ce sugana ya fara hawa, sai na riƙa motsa jiki. Dalilin haɗuwata da Bashiru ke nan, wani ɗan zangon Kumasi mai harkar lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha, mutumin da in ya hau keke mantawa yake yana da gida. Shi ya koya min doguwar tafiya.

Da aka shiga wani hutu na farkon damina kasuwa ta yi sanyi, sai ya ce mu ɗaure jakunkuna mu yi arewa, akwai wani babban gandun daji na gwamnati mai duwatsu, mu ratsa shi mu ɓulla ta ɗaya ƙofar. Kwanaki muka yi a hanya, cinyoyina kamar ba nawa ba. Ni a zatona daji shiru ne. Ina! Mutane ne maƙil kamar kasuwa ranar jajiberin salla, manyan motoci, tsofaffi da laima, masu hoto a tsakiyar titi, har da masu tare mu su ɗauki hoto da baƙin mutum a kan keke.

Matsalarmu salla ce. Mun yi niyyar haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ne, amma rana ta karkata ba mu sami inda za mu shimfiɗa darduma ba, ko'ina ƙafafun mutane. Can kusa da saman dutsen muka ga wata 'yar hanya ta ratse, muka tura kekunanmu muka bi ta, sai ga wani fili na siminti da gajeren gini ya zagaye shi rabi, an share shi tas, ko ganye babu. Bashiru ya ce, "Massa," wato maigida a bakin 'yan garinsu, "ka ga Allah ya ba mu masallaci." Akwai wani dutse a tsaye da rubutun mutanen ƙasar, muka ɗauka sunan wurin ne, tunda ba mai iya karantawa a cikinmu. Muka yi salla.

Muna tashi Bashiru ya hango lemo da ƙananan kofuna a gefe, da wani ɗan keke na takarda, ja, an yi shi da kyau har da sirdi, an danne shi da dutse. Ya ce abin wasan wani yaro ne aka manta, zai kai wa 'yarsa tsaraba. Ban hana shi ba, ni ma abin ya burge ni. Ya ɗaure shi a kariyar bayan kekensa muka koma titi.

To daga nan gangare ne, doguwar hanya mai kwana-kwana, gefe ɗaya dutse, ɗaya gefen kwazazzabo mai zurfi. Ba mu yi nisa ba Bashiru ya fara cewa kekensa ya yi nauyi. Na yi masa tsiya na ce yau gwani ya gaji. Amma ina bayansa, kuma da idona na ga tayar baya ta lotse kamar ya goyo ƙaton mutum, alhali jakarsa ba ta kai tawa ba. Abu na biyu, mutanen da suke ba mu hanya ba shi suke kallo ba, bayansa suke kallo, wata tsohuwa har da ɗan rusunawa.

A wata kwana birkinsa ya ƙi kamawa. Ina jin ƙaurin roba, ina ganin yana matsawa da duk ƙarfinsa keken na tafiya, sai da ya sa ƙafa a ƙasa ya ja, takalminsa ya yage, ya tsaya dab da bakin ramin. Ya ce min kan keken juyawa yake shi kaɗai, kamar yana son komawa sama. Ga shi ko rabin gangaren ba mu yi ba.

Muka tura zuwa rumfar wata mata mai dafaffiyar masara don ya huta. Ta jawo kujeru uku, ta zuba ruwan zafi kofi uku. Na nuna mata yatsu biyu. Ta yi magana a wayarta ta miƙo min fassarar: ina tsohon da abokinka ya goyo? Bashiru ya ce, "Meyo, meyo," wato babu. Tana leƙa kariyar ta ga keken takardar, sai ta ja da baya. Ta sake miƙo wayar. Wai wannan hutun na share kaburbura ne, wannan kuma kayan mamaci ne, danginsa suke ƙona masa don ya isa gare shi. Ta ce mu mayar.

Muka yi a'uziyya. Sai a lokacin na gane a kan kabari muka yi salla. Bashiru ya ce shi bai yarda da wannan ba. Na ce, "Mutumina, ni ma ban yarda ba, amma kayan mutane ne, kuma ba ni zan kira matarka a Kumasi in yi mata bayani ba."

Muka juya sama. Hawan da ya kamata a ce sai mun sauka mun tura, wallahi Bashiru bai taka feda ba sai jefi-jefi, keken tafiya kawai yake, ni ina baya ina haki. Muka isa, ba kowa a wurin, ya kwance abin ya mayar ya danne da dutsen, muka juya muka ɗaga kekunanmu. Na waiwaya, ban san me ya sa ba. Toka ce kawai a ƙarƙashin dutsen, babu wuta, babu hayaƙi.

Muka gangara lafiya ƙalau, birki na kamawa, taya daidai. Mun sake sallarmu a wajen ƙofa, a gefen wurin ajiye motoci. Da Bashiru ya tsaya a gabana zai tayar da kabbara ne na ga farar rigarsa, a kwiɓi dama da hagu akwai shatin yatsu na toka, daidai inda wanda aka goya yake riƙewa.

Na tambayi malamai biyu daga baya, ɗaya ya ce aljani ne, ɗaya ya ce gajiya ce, ni ban san wanne ba. Bashiru yana nan yana hawan kekensa, sai dai ya cire kariyar. Ku dai in kuna ƙasar mutane, ku tambaya kafin ku shimfiɗa darduma, kuma abin da kuka tarar an danne da dutse, ku bar shi a inda yake.