Jan Biro a Kan Taswirar Baba Safiyo

Akwai abin da in mutum ya aikata, ko shekara nawa aka yi, da ya tuna sai ya ji fuskarsa ta ɗau zafi, ko da shi kaɗai ne a ɗaki. Nawa ke nan zan ba ku yau. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka zaunar da wani dattijo a ƙasa, cikin rana, a bakin shingen bincike a Potiskum ba, saboda abin da hannuna ya zana, bakina kuma ya ƙi amsawa.

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare, ina kuma ƙaro karatu. Bincikena a kan yadda tsakiyar garinmu ya girma ne: ina kasuwa take a da, ina ta koma, yaushe gonaki suka zama gidaje. Shekarun tashin hankalin nan ne, da aka hana hawa babur, kowa ya koma keke mai ƙafa uku, in an zo shinge a sauko a ɗaga hannu. Mai hankali a wannan zamanin ko jaka ba ya son riƙewa. Ni kuwa, ɗan boko mai rawar kai, tsohuwar taswira nake nema ruwa a jallo. Na zaga ofisoshi har takalmina ya suɗe. Wani wurin a ce gara ta cinye, wani wurin a ce mai makullin ya bar gari. Daga ƙarshe wani abokin aikina ya ce in je unguwar Dogo Nini in tambayi gidan Baba Safiyo.

Ba sunansa ke nan ba, amma haka kowa ke kiransa. Kirista ne, mutumin Filato. Tun yana saurayi ya zo garin nan yana jan sarƙar awo a bayan masu auna filaye, wato safiyo, har ya zama mai zana taswira, har ya yi ritaya. A nan ya binne matarsa. Da abubuwa suka rikice, mutanensu da yawa suka kwashe kaya suka tafi, 'ya'yansa da ke Jos kuma kullum suna kan waya suna roƙonsa ya taho. Amsarsa ɗaya ce: "Rabin garin nan da ƙafata na auna shi. Ina za ni?"

Ranar da na fara zuwa ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya fito da wani dogon bututun kwano, ya zaro taswira uku. Mafi tsufa a cikinsu an manna mata yadi a baya, kuma da hannunsa ya zana ta, ga sunansa can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. A cikinta garin bai fi tafin hannu ba. Unguwar Yindiski gonaki ne zalla. Inda muke zaune a Dogo Nini babu komai sai alamar itatuwa. A ta biyu kwalta ta ratso, shaguna sun fara jeruwa a bakinta. A ta uku gidaje sun haɗiye gonakin. Ya ɗora yatsa ya ce, "Malam, gari da fari ruwa yake bi. In ya ƙoshi ya bi kasuwa. In mota ta zo, ya bar su duka ya bi kwalta." Abin da na yi wata uku ina laluba a littattafai ke nan, tsoho ya gama mini shi kafin shayinmu ya huce.

Sai da na yi makonni ina zarya kafin ya yarda ya ara mini tsohuwar. Da zai miƙo mini ya riƙe bututun bai saki ba, ya ce, "Sharaɗi biyu. Uwar taswira ba a taɓa ta da tawada. Ka ɗora takarda mai shara-shara a kai, ka yi aikinka da fensir, don fensir yana barin wurin gyara. Na biyu, ka ajiye ta a gida, kada ka yi yawo da ita, ka ga yadda gari yake." Na ce, "Haba Baba, ai ko ba ka faɗa ba." Kun ji bakin.

Ba a yi kwana goma ba takardar shara-sharar da ya ba ni ta ƙare. Mai shagon da ke sayar da ita ya rufe ya koma kudu. Malamin da ke duba aikina kuma ya matsa yana son ganin babi na farko. Sai na ce wa kaina ɗan ɗigo ɗaya ba zai kashe taswira ba. Na ɗauki jan biron da nake duba jarrabawar ɗalibai da shi. Abin da nake son nunawa shi ne gari yana girma ne a kewayen wuraren taruwar jama'a, don haka na kewaye kasuwa, na kewaye tasha, masallacin Juma'a, coci biyu, makarantu, har da ofishin 'yan sanda. Na ja kibiyoyi daga inda suke a da zuwa inda suke yanzu. Na ja da baya na duba, wallahi har daɗi na ji, wai ni na yi aikin ilimi. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina abin da wani zai gani in ya kalli takardar nan ba.

Da na karya sharaɗin farko, na biyun bai yi mini nauyi ba. Washegari da hantsi na rataya bututun na hau keke zuwa wajen masu fotokwafi a bakin kasuwa. A shingen da ke kan babban titi aka sauke mu. Wani soja ya hango bututun a kafaɗata ya daka mini tsawa in ajiye shi a ƙasa in buɗe da kaina. Na warware taswirar a kan buhunan yashi. Sojojin suka matso suka zuba mata ido. A lokacin ne, da na kalle ta da idonsu, na ga abin da na zana: kasuwa, coci, masallaci, makaranta, kowanne an kewaye shi da ja, ga kibiya tana nuna shi.

Babbansu ya zo, mutum mai sanyin murya, yana jin Hausa sosai. Ya ce, "Ta waye?"

Na ce, "Yallaɓai, ba tawa ba ce, aro na yi. Ga sunan mai ita nan a ƙasa."

Ya ce, "Wannan jan zanen fa? Haka ka karɓo ta?"

Na ce, "Haka na karɓo ta."

Kalma huɗu ke nan. Ba ina wanke kaina ba ne, amma saurayi ne ni mai gemu, kuma na san abin da ake cewa game da wanda aka jefa a bayan mota a irin wannan zargi. Tsoro ne ya yi magana da bakina. Duk da haka bakin nawa ne. Har kwatancen gidan ni na ba su.

Ba a daɗe ba suka dawo da Baba, daga shi sai singileti da silifa, an ɗauko shi a gaban maƙwabtansa. Aka zaunar da shi a ƙasa kusa da ni. Ya sa tabarau, ya sunkuya kan taswirarsa, ya bi jan layin da yatsa a hankali. Sannan ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Na sunkuyar da kai, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Babban ya ce, "Baba, wa ya yi wannan?"

Ya ce, "Ni ne, ɗana. Darasi nake koya wa malamin nan."

Daga nan ya shiga bayani, da'ira bayan da'ira, kibiya bayan kibiya, kamar yana cikin kaina lokacin da nake zanawa. Ga inda ake cin kasuwa a da, ga abin da ya ja ta zuwa bakin titi, ga yadda tasha ta jawo masu abinci, masu abinci suka jawo gidajen haya. Ya nuna wani wuri ya ce, "Nan da kuka tara buhunanku gonar gero ce, akwai tsamiya a tsakiya, a gindinta muke cin abincin rana." Ina zaune ina jin tsoho yana kare aikina da ilimin da ya fi nawa, ban buɗe baki na ce uffan ba. Can sai ga mai unguwarsu da limamin masallacin layinsu sun biyo sahu a ƙafa, suka tsaya masa. Kafin la'asar aka sallame mu. Taswirar kuwa babban ya naɗe ta ya ce irin wannan ba ta zama a hannun mutane yanzu. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne a wurinsa abin da zan yi ke nan.

Keke ɗaya muka hau, bututun yana kan cinyar Baba, babu komai a ciki. Har na sauka ban ce ya yi haƙuri ba. Na ce gobe zan je in same shi a natse. Goben ta zama jibi, jibi ta zama mako. In hanya ta biyo da ni Dogo Nini sai in zagaye ta wani layi. Ana cewa tsoro na daji, kunya na gida, ni kam na haɗa su duka biyun.

Bayan mako biyu abokin aikin nan nawa ya ce mini 'ya'yan Baba sun ji labari sun zo, kuma wannan karon bai musa musu ba. Na tafi da sauri na tarar ana ɗaure kaya a kan mota. Yana zaune a kan kujera a ƙofar gida. Na durƙusa na ce, "Baba, jan biron nan ni ne..."

Ya ce, "Na san hannuna, Malam. Ban taɓa ɗora tawada a kan uwar taswira ba."

Na ce, "To me ya sa ka ce kai ne?"

Ya ce, "Na dube ka, na dubi kaina. Ni tsoho ne, za a zaunar da ni a tashe ni. Kai in ka shiga motar sojojin nan ban san ranar fitowarka ba. Maganar tsoro ban riƙe ka da ita ba, kowa yana jinsa." Sannan ya ce, "Amma kwana goma sha huɗu ina zaune a nan ina duban hanya."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, ƙato da ni, a gaban 'ya'yansa. Ya sa aka miƙo masa bututun, ya ba ni. Sauran taswira biyun suna ciki, da guntun fensir. Ya ce, "Wadda ta tafi ba ta da kwafi. Waɗannan ka riƙe wa garin."

Na gama karatun, amma babina na farko ba shi da taswira, sai abin da na iya tunawa daga bakinsa. Baba bai sake taka Potiskum ba. A Jos ya rasu, a can aka binne shi, nesa da matarsa, nesa da garin da ya auna da ƙafarsa.

Abin da na koya shi ne, laifin da tsoro ya sa ka yi a minti ɗaya, mai haƙuri yana iya yafe maka tun kafin ka tashi daga wurin. Wanda ke ci wa mutum rai shi ne kwanakin da kunya ta hana ka zuwa ka ce ka yi kuskure, alhali yana zaune yana jiranka. Shi ya sa yanzu in na saɓa wa mutum, ko ɗalibina ne, ba na bari rana ta faɗi ban je ba. Fensirin yana nan a cikin bututun, ban taɓa fiƙe shi ba.